Tambaya da Amsa: Mayar da Cok ɗin Tsohon Injin Jirgin Ruwa Daga na Hannu Zuwa na Lantarki

Tambaya daga wani mai jigilar fasinja a Yauri:

Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki da wani tsohon injin Johnson mai ƙarfin doki 40, ƙirar shekarun 1970, wanda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Bara na yi wa jirgina rumfa, na mayar da sitiyari da totur zuwa tsakiya, bakanike kuma ya ɗaura mini sitata da batir, ta yadda yanzu daga mazaunina nake tayar da inji. Abin da ya rage shi ne cok, wanda har yau na hannu ne. Kullum da safe sai na tsallake buhunan mutane na je bayan jirgi na ja shi, na dawo na murɗa makulli, idan inji ya tashi kuma na sake komawa da sauri na mayar da shi kafin mai ya shaƙe shi. Shin ana iya mayar da wannan cok na lantarki? Kuma idan an yi hakan, zai rage mini wuyar tashin da injin yake yi a lokacin hunturu?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a abin da ya bari. Tambayarka gida biyu ce, kuma amsar kowane gida daban take. Mayar da cok na lantarki abu ne mai yiwuwa, kuma a irin halin da ka bayyana ina ganin ya dace a yi shi, tunda barin mazaunin tuƙi a daidai lokacin da inji ke tashi, jirgi cike da mutane da kaya, ba ƙaramin ganganci ba ne. Amma batun wuyar tashi, ina so ka cire rai daga cewa lantarki zai magance shi, domin cok na lantarki ba ya yin komai face abin da hannunka yake yi, sai dai kawai yana yin sa daga nesa.

Kafin a taɓa noti ko guda, yana da kyau ka buɗe murfin injin ka duba bakin kafireta da idonka. Za ka ga wani ɗan faifan ƙarfe a maƙale jikin siririn sanda da ya ratsa bakin. Idan ka ja cok, faifan yana juyawa ya toshe hanyar iska, idan ka mayar kuma ya kwanta ya bar hanya a buɗe. Dalilin toshewar shi ne fetur ba ya kamawa da wuta sai ya zama tururi ya gauraya da iska, kuma a injin da ya yi ɗumi ana bukatar iska kusan kashi 15 ga fetur kashi 1 idan aka auna da nauyi. Da sanyin safiya kuwa, fetur ba ya saurin zama tururi. A inji irin naka, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, cakuɗin yana bi ta cikin injin ne ta ƙasa kafin ya hau kan fistin, saboda haka rabonsa mai yawa yana lafewa a jikin ƙarfe mai sanyi, kamar yadda raɓa ke kwanciya a kan kwanon rufi, abin da ya isa ga fulogi sai ya zama kusan iska zalla. Idan aka toshe bakin kafireta, zuƙar da fistin ke yi sai ta koma kan fetur, ya fito da yawa, har a sami wanda ya isa ya kama. Wannan ne ma ya sa tsofaffin masu jirgi suke ɗora tafin hannu a bakin kafireta idan cok ya lalace, kodayake ba na ba da shawarar hakan, domin inji yakan yi tari ya furzo wuta ta nan.

Abin da ke juya wannan faifai a tsarin lantarki shi ne na'urar da makanikai ke kira solanoyid. Wani ɗan bututu ne da bai wuce tsawon yatsa ba, an naɗe cikinsa da siririyar wayar jan ƙarfe, a tsakiyarsa kuma akwai guntun baƙin ƙarfe mai zamewa. Idan wutar batir mai volt 12 ta shiga naɗin, sai ya zama maganaɗisu ya fizgo guntun ƙarfen ciki, shi kuma ya jawo hannun faifan cok ta hanyar ɗan sifirin ko lanƙwasasshiyar waya. Da zarar an ɗauke wuta, wani sifirin sai ya mayar da faifan a buɗe.

Ka yi sa'a ta fuskar irin injin da ka gada. Injinan Johnson da na Evinrude daga 1936 sun kasance ƙarƙashin kamfani ɗaya a Amurka, wato OMC, kuma sassansu na shekaru ɗaya da ƙarfin doki ɗaya yawanci suna shiga na juna. Haka kuma kamfanin ya saba fitar da inji iri guda a kama biyu, na igiya da na makulli, a kan gangar jiki ɗaya, don haka sau da yawa za ka tarar da ramukan ɗaura solanoyid suna nan a kusa da kafireta, ba a dai saka komai a cikinsu ba. OMC ya durƙushe a ƙarshen shekarar 2000, kamfanin Bombardier na Kanada ya sayi sunayen biyu a 2001, daga baya aka bar yin Johnson, sannan aka dakatar da ƙera Evinrude a 2020. Saboda haka hanya mafi sauƙi gare ka ita ce neman mataccen inji ɗan'uwan naka mai makulli, a wurin masu sayar da sassan injin jirgi na hannu. Ka kwafi lambar ƙirar da ke kan ɗan allon ƙarfe a jikin maƙalar injin ka tafi da ita, kuma kada ka sayi solanoyid shi kaɗai. Ka haɗa da mariƙinsa, da sifirin ɗinsa, da hannun da ke kan sandan faifai. Idan mai kayan zai sayar maka da kafiretar gaba ɗaya a farashin da za ka iya, ka karɓa, domin waɗannan ƙananan abubuwa su ne suka fi wuyar samu, kuma su ne mai walda ba zai iya ƙera maka daidai ba.

Akwai wani abu da ake yawan ruɗewa a kansa a wurin saye. Injinan Johnson da Evinrude na baya-baya, daga wajajen shekarun 1980, sun bar toshe iska, suka koma wani solanoyid mai ɗan jan hannu a kansa da siraran tiyo, wanda ke tsarto fetur kai tsaye cikin injin. A makulli aikinsu ɗaya ne, amma a jikin inji ba su da alaƙa, kuma wannan na biyun yana bukatar bakunan tiyo da kafiretarka ba ta da su. Idan aka miƙo maka mai jan hannu da tiyo, ba naka ba ne.

Wurin ɗaurawa, inda aikin yake lalacewa ko ya yi kyau shi ne saitin tazara. Ƙarfin maganaɗisu yana ƙaruwa ne yayin da guntun ƙarfen ke kusantar ƙarshen bututu, kuma a farkon tafiyarsa rauni gare shi ƙwarai. Don haka bakanike zai sassauta mariƙin, ya rufe faifan cok da yatsa, ya tura guntun ƙarfen ciki, sannan ya zame jikin solanoyid gaba ko baya har ya zamana faifan ya gama rufewa a daidai lokacin da ƙarfen ya kai ƙarshe, sifirin ɗin da ke tsakaninsu ya ɗan miƙe kaɗan. Idan solanoyid ya yi nisa, za ka ji yana ƙoƙari amma ba ya iya fizgowa. Idan ya yi kusa, zai buga da ƙara mai daɗin ji, amma faifan zai tsaya da 'yar kafa, kuma kafar da ba ta kai faɗin tsinken ashana ba ta isa ta hana inji tashi da sanyi. Sifirin ɗin nan na tsakiya yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: idan inji ya kama, ƙarfin zuƙar iska yana ɗan buɗe faifan duk da cewa wuta na nan, sai injin ya sami numfashi. Wanda ya maye gurbinsa da sandararriyar waya ya ɗauke wannan sassauci. Haka kuma a duba maƙalar da ke riƙe cok na hannu a inda aka ajiye shi, a tabbatar ba ta hana faifan komawa da kansa. Guntun ƙarfen kuma a wanke shi a bar shi a bushe, kada a shafa masa giris, domin ƙurar hunturu za ta haɗu da shi ta zama laka.

Sai batun wayarin, wanda a nan nake roƙon ka tsaya a kan mai aikin da kanka. Wutar fulogi a injinka ba daga batir take zuwa ba, maganaɗisun da ke cikin faifan ƙarfen saman injin ne ke haifar da ita, kuma ana kashe injin ne ta hanyar haɗe wayoyin da suka fito daga can. Makullin mota akasin haka yake aiki, shi aika wutar batir yake yi. Na taɓa tsayawa a bakin ruwa ina kallon wani mai wayarin na mota, gwani ne a fanninsa, yana neman inda zai ɗauki wutar cok a irin wannan inji. Ya ga baƙaƙen wayoyi biyu a bayan makulli, ya jona ɗaya da wuta, kafin mai jirgin ya gama tambayar ko wannan wari na mene ne, kwail, wato naɗin wayar da ke bai wa fulogi wuta, ya riga ya ƙone, kwana uku jirgin yana ɗaure a gaɓa ana cigiyar wani. Saboda haka kada wutar batir ta kusanci wayoyin kashe inji ko da kuskure.

Hanya biyu ce a gabanka. Ko dai ka sayi makullin jirgin ruwa na ainihi irin wanda ake dannawa ciki yayin murɗawa, dannawar ita ce cok, ko kuma ka bar makullin da kake da shi ka ƙara maɓalli a gefensa. Na biyun ya fi araha kuma ya wadatar, da sharaɗin maɓallin ya zama irin na hon, wanda ke sakin wuta da zarar ka ɗauke yatsa. A ɗauki wutar daga ƙafar makulli da ke samun wuta sai an kunna, a sa fiyus kusa da inda aka ɗauke ta, ta bi ta maɓalli ta tafi ga solanoyid. Idan ka sami tsohon damin wayoyi na kamfani, launi zai yi maka jagora: a Johnson da Evinrude wayar cok shunayya ce mai farin zane, a Mercury rawaya ce mai baƙin zane, a Yamaha kuma shuɗiya. Wutar tana komawa ne ta jikin mariƙin solanoyid zuwa gangar injin, daga nan ta bi babbar wayar da ke zuwa kan batir mai alamar ɗebewa, don haka a kankare fenti da tsatsa a inda mariƙin ya zauna har ƙarfe ya yi haske.

Kaurin waya ma ba abin rainawa ba ne a dogon jirgi irin na Yauri. A ce daga batir zuwa mazauninka mita 6 ne, wato wuta za ta yi tafiyar mita 12 zuwa da dawowa, kuma a ce solanoyid yana jan amfiya 4. Siririyar waya irin ta rediyo, mai kaurin rabin milimita murabba'i, za ta cinye fiye da volt ɗaya da rabi a hanya, alhali mai milimita ɗaya da rabi abin da za ta ci bai fi rabin volt da kaɗan ba. Ka haɗa wannan da cewa sitata tana janyo batir ƙasa zuwa wajen volt 10 a lokacin da take juyawa, wanda shi kaɗai yana rage kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin fizgar maganaɗisu. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga cok yana bugawa lafiya lau a wurin gwaji, amma da an murɗa sitata sai ya saki. Shi ya sa gwajin gaskiya shi ne a cire murfi, a zare wayoyin fulogi a jingina su da jikin inji, mutum ɗaya ya danna cok yana murɗa sitata, wani yana kallon faifan. A yi wannan gwaji bayan an goge duk fetur ɗin da ya zuba, tankin mai kuma yana nesa da batir.

Ina ba ka shawara da babbar murya kada ka yarda a cire cok na hannu, haka ma igiyar tayarwa. Ranar da batir ya kwana babu wuta a wani ƙauye na tsallaken ruwa, su biyun ne za su dawo da kai gida da fasinjojinka.

Game da wuyar tashi a hunturu, ka yi wannan gwaji tun kafin ka kashe ko kwabo: da safe ka matsa ƙwallon robar da ke kan tiyon mai har ya yi tauri, ka tabbatar ƙaramin noti na iska da ke kan murfin tanki a buɗe yake, ka sa yaronka ya riƙe cok a rufe ruf, ka ɗan ɗaga totur ba tare da giya ba, ka tayar. Idan ya kama cikin juyi kaɗan, to injinka lafiyarsa ƙalau, kai-kawon da kake yi ne ke sa mai ya shaƙe shi, kuma lantarki zai raba ka da wannan. Idan kuwa ya ƙi, ciwon yana wani wuri, kuma a inji mai kusan shekara 50 wuraren zargi sanannu ne: ƙaramin jet na kafireta, wato 'yar kafar da fetur ke bi, da datti ya toshe, ruwa a cikin fetur, kwail da ya tsattsage, zoben fistin da ya cinye, ko robobin da ke toshe sandan injin sama da ƙasa sun bushe suna shigar da iska. Ka kuma duba ma'aunin haɗin mai, domin injinan OMC daga 1964 an tsara su ne a kan fetur kashi 50 ga baƙin mai kashi 1, wato rabin lita a jarka mai lita 25, kuma wanda ke zuba fiye da haka da nufin tausaya wa inji yana jiƙa fulogi ne kawai.

Tambaya daga wani masunci a Yeji, bakin tafkin Bolta a Ghana:

Malam, barka da aiki. Nawa injin Yamaha Enduro ne mai doki 40, na igiya, babu batir a jirgin. An ce mini akwai wayoyi a ƙarƙashin murfi da ke ba da wutar fitila. Zan iya jona cok na lantarki a kansu?

Amsa:

Barka kadai, Malam. Ba za ka iya ba, kuma dalilin a fili yake: waɗannan wayoyi ba sa ba da wuta sai inji yana juyawa, cok kuwa ana bukatarsa ne tun inji bai tashi ba. Ban da haka, wutar da suke bayarwa mai kai-da-komo ce, sai an bi da ita ta rektifaya, wato na'urar da ke mayar da ita mai bin hanya ɗaya, kafin ta iya cajin batir. Wato kafin ka sami cok na lantarki sai ka sayi batir, da rektifaya, da akwatin da zai kare batir daga ruwa, duk don ka guje wa jan wani ɗan maɓalli da ke tazarar kamu ɗaya daga hannun da kake jan igiya da shi. An ƙera Enduro ne musamman domin masu sana'a a wuraren da gareji ke da nisa, kuma ƙarancin kayan lantarki a jikinsa yana cikin abin da ya sa masunta suka riƙe shi. Idan kana da kuɗin da ka ware wa injin, ka sa su a sabon fankan roba na famfon ruwa da fulogi biyu na ajiya.

Tambaya daga wani bakanike a Lokoja:

Ranka ya daɗe, na ɗaura wa wani mai jirgi solanoyid na cok, ya yi aiki mako biyu ya ƙone. Na saka wani, shi ma ya ƙone, har robar jikinsa ta narke. Na yi amfani da makunnin fitila mai ɗagawa da saukewa. Ina kuskuren yake?

Amsa:

Malam, ka faɗi kuskuren da bakinka, kuma na yaba da ka kawo tambayar maimakon ka ɗora laifin a kan kayan. Solanoyid na cok an yi shi ne domin aikin daƙiƙoƙi, ba domin a bar shi a kunne ba. Ka ɗora mitar auna wuta a kansa ka auna. Idan misali ta nuna om 3, to a volt 12 yana jan amfiya 4, wato zafin wat 48 ke taruwa a cikin abin da bai fi babban yatsa ba, a ƙarƙashin murfin da iska ba ta ratsawa sosai. Makunni mai ɗagawa yana zama inda aka bar shi, kuma mai jirgin da ke fama da igiyar ɗauri da fasinja zai manta da shi. Fiyus ba zai cece ka a nan ba, domin wutar ba ta wuce ƙa'ida ba, daɗewa ta yi. Ka tambayi mai jirgin ko ya lura injin yana hayaƙi baƙi, yana shan mai, yana kasa ɗaukar totur a kwanakin nan. Ina kyautata zaton zai ce maka haka ne, domin da cok a rufe ya riƙa tafiya har naɗin ya ƙone ya saki.

Ka canza makunnin da maɓalli mai komawa da kansa, mai hular roba saboda ruwa, kuma ka koya wa mai jirgin yadda ake amfani da shi: ya danna yana murɗa sitata, ya saki da zarar inji ya kama, idan ya ji zai mutu ya ɗan taɓa ya saki, sau biyu ko uku, har ya daidaita. Injin da ya yi ɗumi ba ya bukatar cok sam. Idan kuma mai ya riga ya shaƙe shi, wanda za a gane da warin fetur da jiƙaƙƙen fulogi, sai a ƙyale maɓallin, a ɗaga totur ba tare da giya ba, a juya sitata na 'yan daƙiƙoƙi ana hutar da ita, a sauke totur nan take idan ya kama. Kafin ka ɗaura solanoyid na uku, ka ciro fulogin biyu ka wanke su ko ka canza su, ka kuma tura faifan cok da yatsa ka saki ka ga ko yana komawa da kansa har ƙarshe, domin narkakkiyar roba takan gangara ta daskare a kan hannun faifan.